Wata Ɗaya Aka Ba Ni a Garki

An fitar da ni daga ɗakin da na yi shekara goma sha takwas a cikinsa da notis na wata ɗaya, alhali wata shida ya kamata a ba ni. Wanda ya yi min haka ɗan mai gidan ne, yaron da na sha gyara wa keke yana firamare. Bai taɓa ɗaga min murya ba. Da murmushi ya yi abinsa, yana kirana Kawu, ni kuma har gida na bi shi na yi masa godiya. Wata biyar ɗin da ya zare min, a cikinsu karatun 'yata ya tafi. Abin da zan rubuta ke nan. Wanda ya ga rubutun bai yi masa tsari ba ya yi haƙuri, a aji biyu na sakandare na tsaya.

Ni fanel-bita ne a Apo. Mota ta yi karo ta lotse, a kawo min, in yi ta bugu da guduma har ta koma kamar ba a taɓa ta ba. Da wannan sana'ar na zo Abuja ina saurayi, ina kwana a cikin motocin da aka bari a gareji. Da na yi aure sai wani dattijo ɗan garinmu, babba a wata ma'aikatar gwamnati, ya ce in zo in zauna a bayan gidansa a Garki. Alhaji muke ce masa. Gidan irin tsofaffin gidajen ma'aikatan nan ne, da boskwata a baya, wato ɗakunan da aka gina don masu aikin gida. An raba ta biyu, kowane ɓangare ciki da falo, famfo ɗaya a tsakani ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Ni aka ba na hagu.

Hayar shekara nake biya, kuma ga yadda ake yi. Bayan Babbar Sallah da kwana biyu zan sa mafi kyawun kayana, in zaga ta ƙofar gaba, in yi sallama, in zauna a ƙasa. Mu gaisa, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi aiki. In zan tashi sai in tura ambulan ƙarƙashin gefen dardumarsa. Ba ya kallonta, balle ya buɗe. Sai ya ce, "Allah ya yi albarka." Shi ke nan, an biya. Shekara goma sha shida muna haka, ko guntuwar takarda ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba. A garinmu in ka ce dattijo ya rubuta maka rasit, ka kira shi maƙaryaci ke nan, kuma har uwarka sai ta ji labari.

Ɓangaren dama wata mata ce a ciki, Kirista daga Filato, mijinta ya rasu, tana buga takardu a ofishin wani lauya. Madam kowa ke ce mata, Hausarta ba ta raba mace da namiji. Ita kam duk shekara a tsaye take miƙa wa Alhaji kuɗinta, ta ce, "Oga, rasit." Ya yi dariya ya rubuta mata. Na sha ce wa matata, "Matar nan ba ta da ta ido. Sai ka ce da ɓarawo take ciniki." Matata ta ce ai su haka suke. Amma lafiya lau muka zauna da ita. Ranar Kirsimeti shinkafarta har ɗakinmu, ranar Sallah namanmu har ɗakinta.

A wannan ɗakin aka haifi 'yata. Ita ce ta fari, don haka ko sunanta ba na kira, "ke" nake ce mata, ta amsa. Ƙannenta maza biyu ƙwallo kawai suka sani. Ita kuwa tun tana ƙarama take kife bokiti ƙarƙashin mangwaron nan bayan la'asar, ta zauna a kai da littafi a cinya. Aikin jinya take so. Makarantarsu ta gwamnati ce, tafiyar minti goma a ƙafa daga ƙofarmu. Ban taɓa gaya mata ba, amma abin da ya gagare ni shi na sa rai za ta ƙarasa. Duk gudumar da na ɗaga a Apo, rabinta saboda ita ce.

Sai Alhaji ya rasu. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara. Hajiya, matarsa, ta gama takaba ta koma garinmu, gidan ya dawo hannun babban ɗansa. Ya yi karatu a ƙasar waje, yana aiki a wata hukuma, yana zaune a wata unguwar masu hali, sai dai ya leƙo Garki jefi-jefi.

Shekarar ta zo da tsanani. Mai ya yi tsada, mutane suka jingine motoci, wanda tasa ta lotse ma sai ya ci gaba da hawanta a lotse. Sallah ta wuce ban haɗa kuɗin haya ba. Na ɗauki abin da ya samu na je na same shi a falon babansa, na zauna a ƙasa inda na saba zama. Ya ce, "Haba Kawu, hau kujera mana." Ban hau ba. Na fara ba shi haƙuri, ya katse ni.

"Kawu, wannan tsarin na Baba ai wahala ce. Ina dalilin mutum ya yi ta tara kuɗin shekara a wannan zamanin? Ka riƙa biya wata-wata, kaɗan-kaɗan. A waje ma haka ake yi."

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na ce a raina, lallai Alhaji ya bar baya. Ya ɗauko takarda shafi biyu da Turanci, ya nuna min inda zan sa hannu. Ina iya karanta Turanci in aka ba ni lokaci, ina bi da yatsa. Amma mutum ya yi maka alheri, ka tsaya kana bin takardarsa da yatsa a gabansa? Na sa hannu. Washegari matata ta yi dambun nama cike da kwano, na kai masa har unguwarsu, mai gadi ya karɓa a ƙofa.

Ashe ɗan Alhaji ya yi wa Madam tayin nan ita ma, ta ce ta gode, ta saba da shekara. Ta tare ni a bakin famfo ina wanke ƙafa.

"Malam, an ce ka sa hannu a takarda."

"Na sa."

"Kawo shi in duba maka."

"Tsakanina da ɗan Alhaji babu dube-dube."

Ta kalle ni, ta ɗauki bokitinta. "To, Allah ya sa lafiya."

Daga nan duk ƙarshen wata in tura kuɗi ta waya, shi kuma ya aiko da rasit, bugagge, har da hatimi. Ni da ban taɓa riƙe rasit ba, sai na samu leda ina adana su, ina jin nima na zama ɗan birni. Goma sha huɗu na tara.

'Yata ta shiga ajin ƙarshe. Na sayar da injin feshin fentina na biya mata kuɗin jarrabawar fita. Aka ɗauki hotonta da zanen yatsunta, aka ce a makarantarsu za ta rubuta, ba a canzawa. Saura wata huɗu su fara, wata biyar su gama, sai ga wani mutum da kwat ya shigo da ambulan biyu, ɗaya tawa, ɗaya ta Madam.

A tsakar gida muka buɗe. Na bi tawa da yatsa, yanzu da lokacin bi ya wuce. Na gane an ce in tashi. Na leƙa ta Madam, ita ma an ce ta tashi. Sai dai tata wata shida, tawa wata ɗaya.

Na ce, "Madam, mai buga takardar nan ya yi kuskure. Na riga ki shigowa gidan nan da shekara bakwai."

Ta ce in kawo ledar rasit ɗina da takardar da na sa wa hannu. Ta zauna a kan bokitin 'yata, ta sa tabarau, ta karanta.

"Babu kuskure, Malam. Doka ba ya duba shekara nawa ka yi a gida. Yadda kake biya yake dubawa. Mai biya sati-sati, sati ɗaya za a ba shi. Mai wata-wata, wata ɗaya. Mai wata uku-uku, wata uku. Mai shekara ne kawai yake da wata shida."

"Ai ni mai shekara ne. Shekara goma sha shida."

"Nuna min."

Shaiduna biyu ne, ɗaya yana kabari, ɗaya darduma ce.

"Wannan takarda ya ce kai mai wata ne. Rasit goma sha huɗu sun ce kai mai wata ne. Kai ma da hannunka ka ce haka." Ta cire tabarau. "Yaron nan ya san abin da yake yi tun ranar. Shi ya sa na ƙi."

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Na ce ka kawo in duba."

Kwana uku ina kiran ɗan Alhaji a waya bai ɗauka ba. Na je ofishinsu, aka ce ba a ganinsa sai da alƙawari. Rana ta huɗu ya ɗauka. Ya ce boskwatar za a rushe, a gina ƙananan ɗakunan saukar baƙi irin waɗanda ake biya kwana-kwana, kuma ta ɓangarena za a fara. Na ce ban ƙi tashi ba, gidan ubansa ne. Wata biyar kawai nake roƙo, yarinya ta gama jarrabawa.

"Kawu, wallahi ba daga ni ba ne. Lauya ne ya rubuta, haka doka ta ce. Masu gini kuma an riga an biya su."

"Ƙanwarka ce fa. Mahaifinka ne ya yi mata huɗuba."

"Allah ya ba ta sa'a, Kawu. Ina cikin mitin."

Madam ta ce kar in motsa ko nan da can. Ta ce in watan ya cika sai ya sake ba ni wata takarda ta kwana bakwai, bayan nan sai ya kai ni kotu, kuma ban da alƙali babu mai ikon fitar da ni. Ta ce kafin a gama ɗage-ɗagen zama, yarinya ta rubuta jarrabawarta ta huta. Oganta ma zai iya tsaya min, in biya shi a hankali. Na yarda. Na aika wa yaron saƙo cewa sai mun haɗu a kotu.

Saƙon nan kafin magariba ya isa garinmu. Yayana ya kira ni, ko gaisuwa babu. "Kai ne za ka tsaya gaban alƙali da ɗan Alhaji? Mutumin da ya tsince ka kana kwana a mota? Da wane ido zan shiga masallaci?" Washegari shugaban ƙungiyar 'yan garinmu mazauna Abuja ya zo har gareji da mutum biyu. Suka ja ni bayan wata bas da ba ta da taya, suka yi ta yi min wa'azi a kan butulci. Na ce musu jarrabawa. Shugaban ya ce, "Jarrabawa ai duk shekara ana yi. Mutunci fa?" Hajiya kuma ta kira matata tana kuka, ta ce ko shekara biyu Alhaji bai yi a ƙasa ba za mu ja sunansa kotu. Cikinsu duka ba wanda ya kira yaron ya ce ya ƙara min wata biyar. Shi ɗan Alhaji ne, ni fanel-bita.

Na janye. Alƙali bai taɓa ganin fuskata ba. Kunya ce ta kwashe min kaya.

A Garki ko ɗakin mai gadi ya fi ƙarfina. Na bi dillalai Nyanya, na bi su Mararaba, na bi su Masaka, kowa kuɗin shekara yake so a dunƙule, da nasa na dillanci a kai. Ni kuma da aka koya wa biyan wata-wata, ba abin da na tara. A ƙarshe wani abokin aikina ya samo min ɗaki a Uke, can bakin hanyar Keffi, a gidan ƙanin matarsa.

Ranar da muke loda kaya Madam ta zo ta tsaya a jikin motar.

"Malam, bar min yarinya ɗin. Ni ina nan har wata shida. Ya kwana ɗakina, ya je makaranta da ƙafa, in ya gama sai ya zo muku."

'Yata tana riƙe da bokitinta, tana kallona. Matata ma tana kallona.

Nan ne nawa laifin, kuma ba zan ɓoye shi ba. Madam tana da ɗa saurayi da ke zuwa hutu daga jami'a. Ga leburori za su cika gidan. Ga 'yan garinmu da suka riga suka sa min ido, gobe a ce na bar budurwa a ɗakin Kirista na tafi. Waɗannan na jera wa matata daga baya. Amma gaskiyar magana zuciya ce. Ban iya jure a ce jinina yana kwana a gidan da aka kore ni ba. Na ce, "Mun gode, Madam. Inda na kwana nan za ta kwana." 'Yata ta sa bokitin a mota ta hau.

Wanda bai san hanyar nan ba ba zai gane ba. Daga Uke zuwa Garki mota uku ake hawa, kuma duk ma'aikacin da Abuja ta hana wurin kwana a kan titin nan yake da safe. Ana idar da sallar asuba muke fita tare, ni da ita. Wata rana mu isa ƙarfe takwas, wata rana tara ta wuce. Ta dawo gida a gajiye, ta ci abinci tana gyangyaɗi. Darasin yamma da ake yi musu na shirin jarrabawa ta daina tsayawa, don in ta tsaya sai ta rasa mota. Ta rame har kayan makarantar suka yi mata yawa. Ba ta taɓa yi min ƙorafi ba.

Aka fara jarrabawa da farkon damina. Takardu huɗun farko mun isa a kan lokaci. Ranar lissafi muka fito da wuri fiye da kullum, ana ruwa. Kafin Mararaba wata tirela ta faɗi ta gicciye titi. Motoci suka tsaya cak, gaba da baya. Muka zauna kamar minti ashirin, na ga ba alamar motsi, muka sauka muka kama tafiya a ƙafa cikin ruwan. Muka samu ɗan acaɓa ya ɗauke mu mu biyu har inda aka hana su wucewa, muka sake neman mota. Ta naɗe katin jarrabawarta da biro a leda ta cusa cikin hijabi. Ina jin tana karanta wani abu ƙasa-ƙasa, ban sani ba addu'a ce ko lissafin ne.

Da muka isa an fi awa ɗaya da farawa. Mai kula da jarrabawar ya fito baranda, ya dubi agogo, ya ce ba zai iya ba, ƙa'ida ce. Na durƙusa masa a cikin taɓo. Na gaya masa tirela, na gaya masa Uke. Ya ce ya tausaya, amma in ya bar ta ta shiga shi zai rasa aikinsa. Ban ga laifinsa ba. Daga ƙofar makarantar zuwa ɗakin Madam minti goma ne a ƙafa. Ni da 'yata duk mun san haka.

Ta taɓa kafaɗata. "Baba, tashi. Mutane suna kallo."

Ta rubuta sauran. Da sakamako ya fito ta ci komai da kyau, gurbin lissafi kawai babu komai. Ba makarantar jinyar da za ta kalli takarda babu lissafi. Na ce baɗi za ta sake. Baɗi ta zo, kuɗin mota ya riga ya cinye mu, abin da zan sayar kuma na riga na sayar. Na ce to wata shekarar. Ta ce, "Baba, bar shi kawai." Yanzu tana zaune ƙarƙashin lema a bakin titin Uke, tana cire wa mutane kuɗi da na'urar wani mutum. Littattafan matata ta ɗaure su ta tura ƙarƙashin gado. Bokitin ya koma na ɗiban ruwa.

Madam kuwa sai da aka gama jarrabawa da sati uku ta tashi, a tsanake. Sau ɗaya na bi ta layin bayan nan. An yi gini mai hawa biyu, an shafa masa farin fenti. Mangwaron aka fara sarewa, in ji mai wanki da guga na bakin layi.

Watannin baya ina ƙarƙashin rumfa ina buga ƙofar wata tasi, ogan garejinmu ya ƙwala min kira, wai an kawo babban aiki. Na fito na ga wata baƙar jif, ƙofar baya ta lotse, mai ita yana tsaye yana danna waya. Ya yi ƙiba. Ya ɗago ya gan ni, sai ya washe baki kamar ya ga ɗan'uwansa a filin jirgi.

"Ah, Kawu. Ashe nan kake? Ya iyali? Ya mutuniyar, an gama karatu?"

Ogana yana tsaye yana ta yi min ido, don ya san halina. Guduma tana hannuna. Na ajiye ta a ƙasa tukuna.

Na ce, "Tambaya ɗaya. Ranar da ka ce in koma wata-wata, ka san notis ɗina zai dawo wata ɗaya?"

Ya yi 'yar dariya, ya dubi ogana. "Kawu, ai abin ya wuce. Kuma komai bisa doka aka yi."

"Ban ce ka karya doka ba. Ka sani ko ba ka sani ba?"

Ya mayar da wayar aljihu.

Na ce masa, "To ji. Ba ta gama ba. Tana bakin titi a Uke ƙarƙashin lema. Rabin laifin nawa ne, shi zan tashi da shi gaban Allah. Rabin kuma naka ne, kuma ban yafe ba. Mahaifinka shekara goma sha shida bai taɓa buɗe ambulan ɗina a gabana ba. Kai ka je ka yi karatu ka dawo, abin da ka gano shi ne mutumin da kunya za ta hana ya karanta takarda a gabanka, shi ya fi sauƙin cuta. Dambun da na kai maka ma ina jin mai gadi ne ya ci. Motarka zan gyara, don yau ba a ɗora tukunya a gidana ba, kuma zan gyara ta da kyau, don ni ban iya aikin ha'inci ba. Ka biya oga, ka karɓi rasit. Amma kar ka sake kirana Kawu."